Lambar QR da fataucin shanu: mu karɓa, amma da sharaɗi



Duk wanda Allah ya nufa da zuwa aikin Hajji daga shekarar 2024 zuwa yau ya san katin Nusuk da ake rataya wa alhaji a wuya. A jikin katin nan akwai wani ɗan zane mai kusurwa huɗu, baƙi da fari, kamar tururuwa sun taru bisa takarda. Askar ya ɗora wayarsa a kai, nan take ya san ko kai wane ne. Wanda bai je Makka ba ma ya gan shi, ko a kwalin magani, ko a takardar allurar korona, ko manne a teburin masu aika kuɗi. Sunan abin nan lambar QR. Ba sai an yi duba ba, abin da ya shiga takardar alhaji da ta matafiyi yana nan tafe zuwa takardar saniya. Shi ya sa muka ga ya kamata mu faɗi ra'ayinmu tun yanzu, kafin wasu da ba su taɓa kwana a kara ba su zauna cikin ofis su yanke mana yadda za a yi.

Ra'ayin namu a taƙaice shi ne mu karɓa. Amma akwai inda za ta amfane mu, akwai inda ba ta da wani amfani, akwai kuma inda za ta iya cutar da mu in muka yi sake.

Asalinta daga ƙasar Japan ne. Wani injiniya mai suna Masahiro Hara da abokan aikinsa a kamfanin Denso, mai ƙera wa Toyota kayan mota, su suka ƙirƙiro ta a shekarar 1994. Dattawanmu ba za su manta da shekarar nan ba, don a watan Janairunta ne aka karya darajar sefa, aka wayi gari ta rasa rabin ƙarfinta. Abin da ya dami mutanen kamfanin nan shi ne bin sawun kaya: wannan ƙarfe daga ina ya fito, ina za shi, wa ya karɓa. Tsohuwar lamba mai layi-layi da muke gani a jikin gwangwani ba ta ɗaukar rubutu da yawa. Sai Hara ya duba wani wasa da suke yi mai kama da dara, na duwatsu baƙaƙe da farare, ya ce to a jera rubutun a tsaye da kwance. Kamfanin bai nemi a biya shi ladar amfani da ita ba, shi ya sa ta bazu duniya. Ku lura, 'yan'uwa, matsalar da aka ƙirƙiro ta dominta ita ce matsalarmu. Mu ma kullum tambayar da ake mana a hanya ke nan: shanun nan daga ina, na wa, ina za su.

Yadda take aiki ba wani tsafi ba ne. Kowane ɗan gida baƙi ko fari wani yanki ne na harafi. Manyan idanu uku da ke kusurwoyi su ke nuna wa waya inda sama take da inda ƙasa take, don haka ko an juya takarda a karkace za ta karanta. Mafi ƙanƙanta tana da gida 21 a tsaye, 21 a kwance. Mafi girma tana da 177, kuma tana iya ɗaukar alƙaluma 7,089, ko haruffa da alƙaluma a haɗe 4,296. Wani abin da ya dace da mu masu yawo cikin ƙura shi ne an yi ta da maimaici a ciki. In an zaɓi mataki mafi ƙarfi lokacin yin ta, ko kusan kashi 30 cikin 100 ya goge za ta karantu. Takardar da ta sha zufa a aljihu daga Abalak zuwa Ƙonni tana iya tsira ke nan, muddin idanun nan uku ba su lalace ba.

To ga maganar da muke so kowa ya riƙe, don a nan ne ake yaudarar mutane. Lambar QR rubutu ce kurum. Yaron da ke da babbar waya yana iya yin ta cikin minti guda, kyauta, ya rubuta abin da ya ga dama a ciki. Yana iya rubuta cewa shanun nan talatin na Alhaji wane ne, an yi musu allura, an biya kuɗin fito, waya kuma ta karanto hakan tiryan-tiryan. Waya ba ta san gaskiya ba, ba ta san ƙarya ba, abin da aka zuba mata take faɗi. Ganin zanen nan a kan takarda bai sa ta zama ta gaske ba, kamar yadda rawani bai sa mutum ya zama malami. Mun ji wasu na cewa da zarar an sa lambar nan takardar jabu ta ƙare. Ina! Sai ma dai ta sauƙaƙa wa mai jabu, in jama'a suka ɗauka cewa duk abin da waya ta karanto gaskiya ne.

Iri biyu ne ake yi. Akwai wadda bayanin duka yana cikinta, ba ta bukatar rezo, ko sabis kamar yadda 'yan'uwanmu na Najeriya ke cewa. Akwai kuma wadda adireshi ne kawai a cikinta, sai waya ta bi adireshin ta intanet ta ɗauko bayanin daga rajistar wani ofis. Ta biyun nan ita ma'aikatu suka fi so, don suna iya gyara bayani ko su soke takarda daga inda suke zaune. Amma mu da ke bin hanya mun san inda rezo yake da inda babu shi. Ka ɗauki mota cike da shanu, rana ta take, an tsaida ku a shinge, ma'aikaci ya ɗaga waya sama yana neman rezo bai samu ba. Me zai ce? Zai ce takarda ba ta buɗe ba, ku dakata. Dabba kuwa ba buhun wake ba ce. Awa uku a tsaye cikin mota, wata ta durƙushe, sauran su tattake ta, sai wuƙa. Kowa a cikinmu ya san abin da mai kaya ke yi a irin wannan hali don a sake shi, kuma kowa ya san aljihun da abin ke shiga. In aka kawo tsarin da ba ya aiki sai da rezo, to an ƙara wa masu shinge wata sabuwar ƙofa ce.

Akwai magani, kuma an riga an gwada shi. A watan Yuli na 2021 ƙasashen Tarayyar Turai 27 suka fara amfani da takardar korona guda mai lambar QR. Bayanin mutum yana cikin lambar, an kuma rufe shi da wani hatimi na lissafi wanda ma'aikatar da ta ba da takardar ce kaɗai ke iya bugawa, amma kowane ma'aikacin iyaka yana iya tantancewa da wayarsa ko ba rezo a lokacin. In aka canza ko harafi guda, hatimin ya ɓaci, waya ta ƙi. Takardar Faransa ta karantu a Italiya, ta Jamus ta karantu a Sifen. Irin wannan muke nema a kan takardar likitan dabbobi da ta duwan da ta kasuwa. Duk wanda ya zo mana da tsarin lambar QR, tambayar farko da za mu yi masa ke nan: tana da hatimin nan? Tana aiki in babu rezo?

Ko da hatimin ma akwai sauran rina a kaba. In aka ɗauki hoton takardar gaske aka sake bugawa, lambar da ke jikin kwafin ita ma ta gaske ce. Saboda haka dole abin da ke ciki ya ɗaure takardar da kayan da take rakiya: yawan shanu, bijimai nawa, shanun tatsa nawa, karsana nawa, lambar mota, kasuwar da aka yi lodi, ranar lodi, ranar da takardar za ta mutu. In an tsallaka iyaka kuma a kashe ta, kada ta sake rako wani kaya. Ma'aikacin da ya karanta lamba bai leƙa cikin mota ba bai yi aikin komai ba.

Sai maganar kunne. Wasu na ganin a liƙa wa kowace saniya ɗan kunnen roba mai lambar QR, wai don maganin ɓarayi. Mu dai ba mu gamsu ba. Su Turawa da suka tsananta wannan tsari, ciwon haukan shanu ne ya tilasta musu bayan abin da ya faru a Ingila a 1996, har suka sa doka kowace saniya ta sami lamba a kunne biyu da takarda tata ta kanta. Botswana, da ke sayar musu da nama, ta fara da wani ɗan abu mai lamba da ake ɗura wa saniya ya zauna a tumbi, daga baya ta koma ga na kunne. Su Turawa shanunsu suna cikin shinge, kuma akwai rajista tun daga ranar haihuwa. Mu kuwa sa guda yana iya canza hannu sau huɗu ko biyar daga rugar da aka haife shi zuwa mayankar Oko-Oba a Legas. Sannan wa zai kusanci jan sa na Bororo, mai ƙahon nan, ya kai waya dab da kunnensa ya ce masa tsaya cik? Ƙura da kashi da kaska za su rufe zanen cikin sati guda. Ɓarawo kuwa reza guda ta ishe shi. Lambar wuta da yankan kunne da iyayenmu suka gada, da idon dillalin da ya san garken kowa, har yanzu sun fi wuyar gogewa. In lalle sai an sa roba a kunne, a rubuta manyan alƙaluma da ido ke gani daga nesa, a bar lambar QR a kan takardar da ta lissafa alƙaluman.

Inda abin ya fi kusa da mu yau shi ne wajen biyan kuɗi. Babu wanda zai manta da farkon shekarar 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya canza takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace. A Maigatari, a Mai'aduwa, a Illela, ga dabba ga mai saye amma ba abin miƙawa. Dattijon da ya rantse ba zai taɓa karɓar kuɗin waya ba, sai ga shi yana neman yaron da zai duba masa ko sun shigo. Tun kafin nan hanyar biya da lambar QR tana nan: Ghana ta fito da tata mai suna GhQR a 2020, Najeriya ta fito da NQR a watan Maris na 2021. A Senegal da Kodebuwa kamfanin Wave yana ba mutane kati mai lambar QR, don wanda ba shi da babbar waya ya je wurin wakili ya ajiye ko ya cire kuɗi. Wannan dabarar ta burge mu, don yawancin manyanmu ƙaramar waya mai maɓalli suke riƙewa, kuma su ne masu dukiyar.

Amfanin a fili yake. Mai saye ba sai ya kwafi dogayen alƙaluman asusu cikin hayaniyar kara ba, inda kuskuren alƙalami guda ke kai kuɗin mota guda hannun baƙo. Ba sai yaro ya ɗaura miliyoyi a ƙugu ya bi hanyar da kowa ya san halin da take ciki ba. Wanda ya taɓa zuwa ta'aziyyar abokin sana'a da aka tare a hanya ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Amma a nan ma sai an buɗe ido. Macuta a ƙasashe da dama sun gano cewa suna iya manna tasu lambar bisa ta mai shago, kuɗi su riƙa tafiya wurinsu, mai shago yana zaune bai sani ba. A rumfar dillali, inda mutane ɗari ke shiga da fita ranar kasuwa, wannan ba zai yi wuya ba. Kada a bar kati a rataye a rumfa a kwana. A sa shi a aljihu, a fito da shi lokacin biya. Mai biya kuma, bayan waya ta karanta, ya karanto sunan da ya fito da babbar murya, mai kaya ya ce na'am, sannan a danna. Mai karɓa kada ya yarda da abin da aka nuna masa a wayar mai saye, don hoton shaidar biya ma ana ƙirƙirarsa. Ya duba tasa wayar, ya ga kuɗi sun zauna a asusunsa, sannan a kwance igiya. Kuma a sani, karɓar kuɗi ba ya bukatar ka buga lambarka ta sirri. Duk wanda ya ce maka karanta wannan lambar ka sa lambar sirri don kuɗinka su shigo, fita za su yi.

Ga wata kuma da ta shafe mu mu na ƙasar sefa kaɗai. Mu a kasuwa da dala muke lissafi, waya kuwa da faran take lissafi. In dillali ya ce dubu ɗari, faran 500,000 yake nufi. Yaron da ya yi lakwal ya san haka, amma cikin sauri yana iya rubuta 100,000 ya danna, mai kaya ya ga dubu ɗari a rubuce ya yi shiru, sai an je cirewa rigima ta tashi. Tun ana ciniki a faɗi kuɗin da jaka, jaka 500, a kuma ƙirga sifirin tare. Akwai kuma iyakar abin da asusun waya ke iya ɗauka ko fitarwa a rana, wanda sau da yawa bai kai kuɗin mota guda ba. A tambayi wakili tun kafin ranar kasuwa.

Kada kuma wani ya ɗauka lambar nan za ta raba mu da ɗan canji. Lambar asusun naira naira take karɓa, ta sefa kuma sefa. Sefar ma biyu ce, ta Yamai daban, ta Garwa da Njamena daban. Wanda ya sayar a Potiskum zai sayo a Bakin Birji har yanzu sai ya bi ta hannun mai canji, da amanar da ke tsakaninsu. Haka kuma ba ta buɗe iyakar da hukuma ta rufe. Mun ga rufewar watan Agusta na 2019 da ta kai Disamba na 2020, mun ga ta bayan Yuli na 2023 da ta kai Maris na 2024. Tun 29 ga Janairu na 2025 Nijar da Mali da Burkina sun fita daga CEDEAO, ƙungiyar da a 1998 ta fito da takardar ƙetare iyaka ta makiyaya. Kamaru da Chadi kuwa dama tsarinsu daban ne. Abin da wannan ke nufi gare mu shi ne, in kowace ƙasa ta yi nata tsarin lamba ba tare da shawara da maƙwabta ba, to takardar da aka buga a Maraɗi za ta zama zane kawai a Jibiya, a sake sa mu sayen wata. Shugabanninmu na ƙungiya, idan aka kira ku taro kan wannan magana, ku ce a fara zama da na ƙetaren kafin a sayi ko na'ura guda. Ku ce kuma sabuwar takarda ta maye gurbin tsohuwa da kuɗinta, kada ta hau kanta. A bar rubutu na ido a jikin takardar yadda wanda wayarsa ta mutu zai iya karantawa, a kuma rubuta a doka cewa in na'urar ma'aikaci ce ta ƙi aiki, mota ta wuce.

Akwai wani haɗari da ba mu ji ana maganarsa ba. Abin da wayar jandarma ke karantawa, wayar ɗan leƙen asirin ɓarayi ma tana karantawa. In aka manna lamba a jikin mota ɗauke da sunan mai kaya, da garinsu, da lambar wayarsa, da kuɗin da ya kashe, da hanyar da zai bi, to an rubuta wa masu garkuwa da mutane wasiƙa ke nan. Yaro mai tallan ruwa a tasha ya ɗaga waya kamar yana ɗaukar hoto, shi ke nan. Farashi da hanya da gidan mutum kada su shiga cikin lambar da kowa ke gani. Haka rajistar da ke ofis, muna so a gaya mana wa ke da ikon buɗe ta, don jerin sunayen masu shanu da yawan abin da kowa ya mallaka ba abin wasa ba ne a zamanin nan.

A halin yanzu ba sai mun jira gwamnati ba wajen abin da ke hannunmu. Katin ɗan ƙungiya yana iya ɗaukar lamba mai sunansa da lambar katinsa da reshensa, a ajiye littafin rajista a ofishin reshe don tantancewa. Fatoma a Akinyele ta Ibadan ko a Tulaku ta Ashaiman yana iya buga lambarsa ta WhatsApp a kati ya ba baƙinsa, don manhajar tana ba kowa tasa kyauta. Masu yi mana wannan aiki su kiyaye abubuwa kaɗan. A taƙaita rubutu, don yawan rubutu ke sa gidajen su ƙanƙance har tsohuwar waya ta kasa gani. A buga baƙi a kan fari, a bar farin fili kewaye da ita, faɗin gida huɗu a kowane gefe. A guji shafukan intanet da ke cewa kyauta ne amma su ratsa da kai ta adireshinsu, don ranar da suka nemi kuɗin wata ba a biya ba, duk katin da aka buga ya mutu. A zaɓi wadda bayanin ke cikinta kai tsaye. A rufe katin da leda mai kauri. Kafin a buga ɗari a buga guda, a gwada ta da waya uku daban-daban, har da mai fasasshen gilashi, a cikin inuwa da kuma tsakar rana a bakin kara.